Garewanin Barau a Ɗakin Goggo

Ni Saude mai ƙuli-ƙuli, katangarmu ɗaya da gidan Barau a Batsari. Abin da zan faɗa, wani da idona na gan shi, wani kuma da hancina na shaƙe shi. In ka tambayi mutanen unguwarmu za su rantse maka ba a taɓa haifar ɗa mai ladabi irin Barau ba, wai shi ne mai durƙusa wa goggonsa safe da rana da yamma. Gaskiya ne, ya durƙusa. Amma ku tsaya ku ji abin da yake nema a durƙuson.

Bana, da manyan motoci suka fara shigowa kwasar gyada ta hanyar Safana, Barau ya watsar da tallan gishiri da kanwa, ya ce shi yanzu mai sayar da fetur ne. Duk motar da mai ya ƙare mata a dajinmu, sai wurinsa. To, Nasara ya hana ajiye fetur cikin gari sai da lasin. Barau ba shi da lasin, ba shi kuma da niyyar nema. Ya zaga gidansa yana neman maɓoya. Zaure, 'yan doka za su leƙo. Ɗakin matarsa Zuwairatu, ta ce ko kusa, jeren tasoshinta ba zai kwana da wari ba. Rumbu kuwa hatsi zai ɗauki ɗanɗano, shi kuma zai ci. Sai idonsa ya faɗa kan ɗakin Goggo Tasalla, ƙanwar ubansa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Ɗan doka, duk rashin kunyarsa, ba ya ɗaga asabarin tsohuwa.

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Goggo, 'yan garewani ne za a ajiye miki, kwana biyu za su yi."

"To, ɗan nan, Allah ya sa albarka. Mene ne a ciki?"

"Abin shan mota ne."

"Au, ita ma mota tana jin ƙishirwa? Ikon Allah!"

Aka jera garewanin nan tun daga bayan ƙofa har gindin gadonta. Gadon ƙasa ne, irin mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, don gwiwoyin Goggo ba sa shiri da sanyi. Ranar nan Barau ya kwashe tokar ramin da hannunsa, ya ɗauke kaskon turarenta, ya ɗauke 'yar fitilarta ta man gyada. Ya ce abin shan mota ba ya ga maciji da wuta. Goggo ta ce babu komai, kwana biyu ai ba shekara ba ce.

Garewanin kuwa a kan jakuna aka kawo su, duk sun lotse, kowace tana tsattsafo ta wani gefe. Kafin mako ya zagayo warin ya tsallako katanga ya shiga ƙuli-ƙulina. Tsoro ya kama Barau. Kada ku ce tsoron Goggo ta ƙone, a'a, tsoron kayansa ne. Ya tare Badaru direba, wanda ya tuƙa motar soja lokacin yaƙi, ya zaunar da shi a zaure. Ina wurin, na kawo musu ƙuli mai zafi.

Badaru ya ce, "Barau, ba ruwan ne abin tsoro ba, tururinsa ne, wannan warin da kake ji. In ɗan kaɗan ne cikin iska mai yawa, ko ka ƙyasta ashana ba ya kamawa. In kuma ya cika wuri maƙil har ya kori iska, nan ma wuta ba ta samun abin shaƙa, sai ta mutu. Tsaka-tsakin nan shi ne ajali. Shi ya sa mu direbobi muka fi tsoron tankin da ya ƙare a kan wanda yake cike. Saboda haka abin da za ka yi shi ne ka fitar da su fili, ƙarƙashin rumfa, nesa da inda mutum ke kwa..."

Daidai nan wata akuya ta shigo ta finciki takalmin Barau ta fita da shi. Ya tashi ya bi ta da zagi har gindin tsamiya. Kafin ya dawo Badaru ya cinye ƙulin ya hau motarsa. Rabin karatun Barau ya samu, kuma da rabin nan ya zama malami.

Ya zauna ya yi lissafinsa. Rage warin ba zai yiwu ba, tunda garewani na yoyo. To, sai a ƙara shi! Ya sa aka ƙaro garewani. Ya kwaɓa laka ya toshe 'yan kafofin da ke jikin bangon ɗakin. Ya cusa tsofaffin buhuna ƙarƙashin jinka. Ya cire asabari ya kafa ƙyauren da aka ƙera da fasassun garewani. Goggo tana zaune tana kallo, tana ta sa masa albarka wai ɗanta yana tare mata sanyi.

Saura abu ɗaya: ta yaya zai san warin ya kai inda wuta ba ta kamawa? Da farko kaza ya jefa ciki. Ta fito tana tafiya da baya, tana faɗuwa tana tashi. Zuwairatu ta yi tsalle ta dire, ta ce kada a sake taɓa mata kaza, ƙwai take yi.

Wata safiya ya je gaisuwa kamar kullum. "Goggo, an tashi lafiya?"

Daga cikin duhu muka ji ta ce, "Mani! Mani, sauko daga kan rumbun nan, jakinka yana cin rawaninka!"

Taɓaryar Zuwairatu ta tsaya a sama. Ni kaina da nake tsakar gidan na zo aron rariya, sai da na dafe ƙirji. Mani sunan mijin Goggo ne, wanda ya daɗe da rasuwa. Tun tana amarya har gashinta ya yi fari, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ko yaron maƙwabta mai sunan, "mai sunan malam" take kiransa. Yau ga shi tana kwaɗa shi da ƙarfi, kaji na ji, yara na ji.

Na dubi Barau ina jiran in ga hankalinsa ya tashi. Wallahi fuskarsa haske ta yi. Ya samu ma'auni.

Daga ranar ladabi ya sauko wa Barau. In ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tsaf, har da ina gajiya ina iyali, sai ransa ya ɓaci: iska na shiga ta wani wuri, maza a kawo laka. In ta amsa tana atishawa, hawaye na zuba, tana haɗa ina kwana da ina wuni, to tsaka-tsakin ke nan. Sai ya sa Zuwairatu ta kashe murhu, shi kuma ya tuna yana da uzuri a can ƙarshen kasuwa. In kuwa ta kira Mani, sai ya miƙe ya shafa ciki ya ce a kawo tuwo. Yana kuma jan gaisuwar, don gwajin ya tabbata. Ya tambayi sanyi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci, ya koma kan sanyi. Masu wucewa suna leƙowa suna cewa, "Kai, Allah ya ba mu ɗa irin Barau!"

Fita kuma ya hana ta, in ba alwala ko kewayawa ba. Ya ce tsohuwa ba ta yawo, iska za ta buge ta. Gaskiyar ita ce in ta sha iskar waje ma'aunin ya lalace.

Goggo ta fara ramewa. Kanta kullum kamar ana daka a ciki. Tuwo fetur, goro fetur, ruwan randarta ma fetur. In ta ci sai ta amayar. Ta tayar da sallah sai ta tsaya a ruku'u ta manta inda za ta. Da can duk jaririn da aka haifa a unguwar nan hannunta ne ke fara yi masa wanka, har daga Karare ana zuwa ɗaukarta. Yanzu mata suka daina aikowa. Yara suka mayar da bakin ƙofarta wurin wasa, suna ƙwanƙwasa ƙyauren suna cewa, "Goggo, ina jakin?" Ƙadangaru ma faɗowa suke daga jinkar, su kwanta rigingine a tsakar gida har su farfaɗo.

Na tare Zuwairatu na ce, "Haba Zuwaira, ba ki ganin tsohuwar nan?"

Ta ce, "Yaya Saude, tsufa ne. Kakata ma da ta tsufa da turmi take hira. Kuma ni mece ce tawa? Gidansa ne, goggonsa ce."

Na tare Barau a zaure. Ya gyara zama ya ce, "Saude, ki faɗi tsakaninki da Allah, bana kin ji an ce sauro ya ciji Goggo? Kuɗin cizo fa? Ɓeraye fa? Duk sun yi ƙaura. Babu ɗaki mai tsabta irin nata a garin nan."

Na ce, "Ita ma tana shirin bin su."

Ya ce, "Ke ba ki san ilimin abin ba. Ni da nake toshe ɗakin nan rayuwarta nake tsarewa. In na bar iska ta shiga, wa zai ƙone? Ita! Kwana nawa ya rage kakar gyada ta wuce? Ta ɗan daure mana."

Na ce Allah wadaran ilimin da aka bari a bakin akuya. Ya ce kada in ƙara kawo masa ƙuli.

Akwai inda katangarmu ta zube ta baya, kusa da makewayinsu. Wata rana da la'asar Goggo ta fito alwala, ta daɗe a waje har idonta ya washe. Ta matso ta kira ni da 'yar murya.

"Saude, 'yar nan, zan tambaye ki, kada ki ɓoye mini. Da gaske ne wai ina kama sunan malam?"

Na fara kame-kame. Ta ce in faɗa. Na ce da gaske ne.

"A gaban yara?"

"A gaban kowa, Goggo."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban taɓa ganin kunya ta kama tsohuwa haka ba. Da ta buɗe fuskar sai ta ce, "Ba tsufa ba ne. Ƙishirwar motar nan ce ta hau mini kai."

Ta koma ɗaki ta ɗauko ƙarfen da take gurzar auduga da shi, ta zura ta bayan garewani ta huda kafofin da Barau ya toshe. Iska ta shiga. Washegari ya durƙusa, ta amsa masa gaisuwa tiryan-tiryan, har ta tambayi kasuwa. Barau ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Ya bi bango yana shinshina, ya gano hudojin, ya ce aikin gara ne, ya liƙe su, ya ƙaro garwa guda don ramuwa.

Nan Goggo ta gane abin da ake nema a bakinta. Ta sake hudawa, wannan karon can ƙasa inda ido ba ya kai. Da Barau ya zo gaisuwa, kanta garau, ta runtse ido ta ce, "Mani, jakin ya hau bishiya." Barau ya ce alhamdu lillahi, a kawo tuwo.

Da yamma na same ta a wurin zubabbiyar katangar tana kuka ba sauti. Ta ce, "Da can warin ne ke faɗa. Yanzu ni ce da bakina. Allah ya yafe mini, malam ya yafe mini. Amma in ban faɗa ba numfashi zai gagare ni."

Na ce, "Goggo, ki yi hankali. Direban nan ya ce tsaka-tsakin shi ne mai kamawa, kuma yanzu nan ɗakinki yake."

Ta ce, "Da wace wutar zai kama? Ai Barau ya kwashe har toka."

Haka aka ci gaba. Kullum sai ta ƙirƙiro wa jakin nan sabon aiki. Ya je Makka, ya yi aure, ya zama alkali. Kumatunta suka ɗan ciko. Barau kuwa ya tabbata babu masanin wuta irinsa daga nan har Katsina, ya fara bayar da fatawa a kasuwa.

Ranar wata kasuwa ya jawo Armaya'u, wani mai kananzir daga Safana, wanda ya ƙaryata shi a gaban mahauta. Ina ta kan katanga ina shanyar gyada na gan su sun shigo, Barau yana cewa, "Ɗakin nan ko gobara ka kawo masa sai ta mutu. Tsaya ka ga yadda ake aunawa."

Ya durƙusa. "Goggo, barka da rana."

"Mani, jakin ya sa wando."

Barau ya juyo yana murmushi. "Ka ji ko? Ya cika maƙil." Ya tura ƙyauren ya wangale shi, ya sa hannu a aljihu ya fito da ashana.

Goggo ta ga kwalin. Muryarta ta sauya nan take. "Barau! Kada ka ƙyasta! Ƙarya nake yi, lafiyata ƙalau. Na huda kafofin, iska na shiga ta ko'ina. Don girman Allah, ɗan nan, kada ka ƙyasta!"

Ni ma na ƙwala ihu na ce gaskiya take faɗa.

Barau ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka gani? Yau har kafofi take gani. Waccan kuma ta kan katanga ƙulinta na daina saye."

Goggo ta yi wuf ta miƙe. Ta suri butarta ta ratsa tsakaninsu. Gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, wallahi ranar sun tuna ƙuruciya. Tana kaiwa bayan turken awaki Barau ya ƙyasta ya jefa.

Ashanar ta faɗa ciki, wuta ba ta kama nan take ba. Ya juyo wajen Armaya'u ya buɗe baki ya ce, "Ka ga..."

Bum!

Jinkar ɗakin ta tashi sama ɗungurungum, ta juya, ta sauka a kan rumbu kamar an sa masa malafa. Ƙyauren ya wuce ta saman kaina ya faɗa cikin gyadata. Barau ya zauna daɓas a cikin kwatami, babu gemu, babu gira, hularsa tana hayaƙi. Armaya'u kuwa takalmansa kawai aka gani, suna nan a jere inda ya tsaya. Maza suka taru da tuluna, suna zuba ruwa wutar tana hawa kan ruwan tana bin su, sai da aka koma watsa ƙasa. Ɗaki ya tafi, rumbu ya tafi. Ba a rasa rai ba sai na kazar Zuwairatu, wadda aka ce ta fi ƙarfin gwaji.

Kashegari dattawan unguwa suka zauna a zaure. Kowa a wurin hancinsa ya san abin da ya ƙone, amma in aka ce fetur, 'yan doka za su zo, unguwa ta shiga uku. Barau ya fito fuska shafe da man shanu, yana magana a hankali. Ya ce ɗan kananzir ne na fitila ya ajiye, tsohuwa kuma, Allah sarki, ta hura wuta ƙarƙashin gado, kun dai san halin da take ciki. An aika Safana, Armaya'u ya ce shi rabonsa da Batsari tun bara.

Goggo ta nemi a bar ta ta yi magana. Ta zauna ta gyara mayafi ta faɗi komai daki-daki: garewani, laka, gaisuwa, ƙarfen gurza, ashana. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Babban dattijon ya saurara har ta gama, sannan ya ce da taushi, "Tasalla, ba ke ce kike kiran marigayi da sunansa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

"Da hankalinki?"

"Na farko ba da hankalina ba. Na baya da hankalina."

Dattawa suka dubi juna suna girgiza kai. Ɗaya ya ce, "Tsohuwa mai hankali ta kama sunan miji da gangan, a gaban yara? Ashsha. Abin ya yi nisa. Allah ya sawwaƙe."

Na kasa haƙuri na leƙo daga bakin zaure na ce ni shaida ce, da idona na ga wanda ya ƙyasta. Aka ce, "Saude, katangarku ɗaya da ita. An ce abin nan yana naso. Je ki sha iska."

Suka yanke magana. Kada a ƙara barin Goggo Tasalla kusa da wuta: ba murhu, ba fitila, ba garwashi, ba ko kaskon turare. Aka yi wa Barau jaje, aka yaba masa da haƙurin riƙon tsohuwa.

Mako bai cika ba ya kafa rumfa a gonarsa ta hanyar Darini, fili fetal, iska ta ko'ina, nesa da inda mutum ke kwana. Can ya jera sababbin garewaninsa. Ashe rabin karatun da akuya ta gudu da shi bai fi ƙarfin kansa ba. Gemunsa kawai yake jira ya ƙone kafin ya tuna. Goggo kuwa aka share mata bukkar awaki, aka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Hankalinta garau, ba mai tambayarta komai. Jariran unguwa wata ake kira ta yi musu wanka. Wannan ita ce matar da ta tauna abinci ta sa wa Barau a baki, kuma a gidan nan an fi tausayin kaza a kanta.

Sanyi ya shigo sosai bana. Kullum in na gama suya nakan tura dutse cikin tokar murhuna, in ya yi zafi in naɗe shi a tsumma in miƙa mata ta zubabbiyar katangar. Dutse dai ba wuta ba ne, dattawa ba su hana shi ba.

Jiya da na miƙa mata sai ta riƙe hannuna ta ce, "Saude, kina ganin Barau kuwa? Lafiyarsa ƙalau? Tun ranar nan bai ƙara zuwa gaishe ni ba. Kullum da safe ina zaune ina jira, ko sau ɗaya in amsa masa yadda ya kamata."

Na ce lafiyarsa ƙalau, girarsa ma ta fara tsirowa.

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta gyara dutsen a ƙarƙashin gwiwarta, ta juya fuskarta wajen ƙofa.